Snowden amana ya ci, ko nauyi ya sauke?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Aikina shi ne kula da na'urorin da ke adana bayanan kwastomomi, kuma ranar da aka ɗauke ni sai da na sa hannu cewa duk abin da na gani ba zai fita ba. Shi ya sa maganar Edward Snowden ta tsaya mini a rai, don shi ma ya sa hannu. Amma a 2013 ya kwashi takardun sirrin NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, ya tafi Hong Kong ya damƙa wa 'yan jarida. Labarin farko da jaridar Guardian ta buga a watan Yuni ya nuna wata kotun sirri ta umarci kamfanin waya na Verizon ya riƙa ba gwamnati bayanan kiran waya kullum: wa ya kira wa, yaushe, minti nawa aka yi. Wani zai ce ai ba murya aka naɗa ba. Mu da muke wuni gaban irin waɗannan bayanai mun san ba sai an ji murya ba. Lambar da ke kiran likitan ciwon daji duk mako, daga baya ta fara kiran lauya, ai ta gama ba ka labarin mai ita. To, wanda ya ɗauki alkawari, in ya ga ana yi wa jama'a haka, ya halatta ya karya?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ban yarda ba. Da maganar Verizon kaɗai ya fitar da na yi shiru, amma ya haɗa har da yadda ƙasarsa ke leƙen asirin wasu ƙasashe, abin da kowace gwamnati ke yi. Yaro ɗan shekara 29, wa ya ba shi ikon yanke wa ƙasa guda hukunci shi kaɗai? Daniel Ellsberg da ya fitar da takardun yaƙin Vietnam a 1971 tsayawa ya yi aka gurfanar da shi. Wannan kuwa yana Rasha, har Putin ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022.

Maman Sadiq:
Yallaɓai, a yi wa yaron adalci. Amurka ce ta soke fasfonsa, shi ya sa ya maƙale a filin jirgin Mosko fiye da wata guda. Ellsberg kuma ba hujjarsa ce ta fitar da shi ba. An kori ƙarar a 1973 ne saboda mutanen Shugaba Nixon sun fasa ofishin likitansa suna neman abin ɓata masa suna. Dokar leƙen asiri ta 1917 da ake tuhumar su da ita ba ta ba mutum damar cewa don amfanin jama'a ya yi.

Masu cewa da Snowden ya bi ta cikin gida, Thomas Drake ai ta nan ya fara. Babban ma'aikaci ne a NSA, ya kai kuka ga masu bincike da majalisa kafin ya yi magana da 'yar jarida. A 2010 aka tuhume shi, a 2011 manyan tuhume-tuhumen suka rushe, amma aikinsa ya riga ya tafi. Sannan a watan Maris na 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, shugaban leƙen asirin ƙasar, ko NSA na tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a. In majalisar da ke sa ido haka ake amsa mata a bainar jama'a, ina mutum zai kai ƙara? A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce doka ba ta ba da izinin shirin ba, majalisa kuma ta yi sabuwar doka ta taƙaita shi.

Baban Ilham:
Na gode Hajiya. A kan shirin wayar na gamsu, da bai yi magana ba da ba mu sani ba. Inda nake tare da Yallaɓai shi ne yawan abin da ya kwasa. Na san yadda kwafar fayil take, minti kaɗan ka ɗebi abin da shekara ba za ta ishe ka karantawa ba. Ya ce ya bar wa 'yan jarida su tace, amma ɗan jarida bai san wace takarda ce za ta jefa wani cikin haɗari ba.

Maman Sadiq:
Wannan kam gaskiya ne. Kai dai a wurin aikinka, duk wanda ya zo neman bayanan wani, ko da kaki a jikinsa, ka ce ya nuna takardar kotu, ka kuma rubuta rana da sunansa.