In biya mai binciken asali na intanet, ko akwai wata hanya?

Ɗan Wurno:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nika nema. Kakan mahaifina yana cikin jama'ar da sunka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ya bar matarsa da ciki a Wurno, cikin nan shi ne kakana. Tun daga Burmi, inda Sarkin Musulmi ya yi yaƙin ƙarshe da Turawa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu sun ce can ya yi shahada tare da Sarkin Musulmi. Goggo kuwa, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana, ta dage cewa ya ƙetare zuwa Sudan har ya bar zuriya.

Abin da ya bar mana Alƙur'ani ne rubutun hannu, cikin gafaka da ta fara ɓantarewa. A takardar ƙarshe akwai sunaye huɗu, tawadar ta koɗe, biyu kawai nika iya karantawa.

Na haɗu da wani a Facebook da ya ce aikinsa binciken asali. Naira dubu 120 yake so, rabi kafin aiki, wai cikin sati biyu zai kai mani salsala har Futa Toro, can ƙasar Senegal. Ya kuma kawo zancen gwajin DNA. Kuɗin ba kaɗan ba ne gare ni, amma Goggo ta haura tamanin, ina son ta ji amsa da kunnenta.

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka tura ko sisi tukuna. Shafuka irin su Ancestry da FamilySearch, galibin abin da ke cikinsu rajistar coci ce, da ƙidayar jama'a, da takardun jiragen ruwa na Turai da Amurka. Mutumin Wurno na 1903 ba ya ciki. Gwajin DNA kuma yanki zai nuna maka, ba zai faɗa maka sunan kakanku na 1903 ba.

Takardun da suka shafe mu suna ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, cikin fayilolin Lardin Sakkwato da ake kira SOKPROF, sai kuma Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ita ma ke Kaduna. Ko a nan ɗin ma, abin da ya dami jami'an Turawa shi ne haraji da jangali, don haka sunayen hakimai da dagatai za ka fi gani, da yawan mutane da shanu. In kakanku ya riƙe sarauta ko limanci, akwai fata. In har za ka ɗauki wani, nemi ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya taɓa zama a ma'adanar. Ku yi ciniki a kan tafiya ɗaya, ya kawo maka lambar fayil da hoton kowane shafi, sannan ka cika masa.

Baba na Kanwuri:
Yaro, wannan alkawarin na Futa Toro shi ya fi tayar mini da hankali. Salsalar Toronkawa, dangin Shehu Usmanu da sunka taso daga Futa Toro, daga kakansu Musa Jakollo zuwa Shehu sananniya ce, kowa na iya kwafo ta ya liƙa sunan kakanka a ƙasa. An yi wa wani maƙwabcina haka, har da firam, sai da malamai sunka duba anka ga an tsallake shekara ɗari ba mahaɗi. Jingina kai ga uban da ba naka ba kuwa, ka san matsayinsa a addini.

Ɗauki hoton takardar ƙarshe ta Alƙur'anin nan da kyau, ka kai ta Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai waɗanda idonsu ya saba da tsohon rubutu. Kada ka shafa mata ruwa ko ka manna mata salatif. Sannan ka zauna da Goggonka da hantsi, lokacin da ba gajiya, ka kunna rikoda a waya. Tambaye ta kirarin gidanku, da wanda ya aurar da wa, da unguwar da anka fara zama.

Jikan Takari:
Zancen Goggo ba abin yarwa ba ne, yaya. Garin Mai Wurno na nan a Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa shi, kuma har yau ana jin Fulatanci da Hausa a can. Dangin mahaifiyata na yankin. Yaƙin da aka fara a Afrilun 2023 ya tarwatsa mutane da yawa, waya ma sai an dace, amma muna da zaure a WhatsApp mai dattawa a ciki. Turo mani sunayen in an karanto su, da laƙabinsa in akwai, don can da laƙabi aka fi riƙe mutum.

Ɗan Wurno:
Allah ya saka da alheri. Na zauna da Goggo jiya, sai ga ta da laƙabin da ban taɓa ji ba, da sunan ƙanensa da sunka fita tare. Litinin zan kai takardar a duba, in sha Allahu. Jikan Takari, duba akwatinka, na aiko da lambata.