Tsani ko sikafol: neman shawara kan fentin bene a Ajah

Mai fenti, Agege: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na samu aikin fentin wajen wani gida mai hawa biyu a Ajah da ke Legas, kuma maigidan yana so a gama kafin ruwan Yuni ya kankama. Ina tunanin in sayi dogon tsanin alminiyam mai zugewa, domin zai zama nawa har bayan wannan aikin, amma abokin aikina ya nace mu ɗauko hayar sikafol, wato dandamalin ƙarafa da falankai da ake kafawa a jikin gini don a tsaya a kai a yi aiki. Wanne ya fi, kuma ina zan samu mai kyau?

Injiniya, Ikeja: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokin aikinka ya fi ka gaskiya a wannan karon. Tsani na aikin ɗan lokaci ne, wanda mutum zai hau ya gama cikin rabin awa ya sauko, kamar canza kwan fitila ko gyaran indararo. Fentin bango gaba ɗaya kuwa wuni ne cur, hannu ɗaya da burushi, ɗaya da bokiti, alhali ƙa'idar tsani ita ce kada ka rabu da riƙo uku, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. Idan duk da haka za ka sayi tsani don ƙananan ayyuka, nemi mai alamar EN 131 a jikinsa, lambar ƙa'idar ingancin tsani ta Turai, wanda aka yi shi don ɗaukar kilo 150, wato nauyinka haɗe da kayan aikinka. Wajen jingina shi, duk mita huɗu na tsawo ka janye gindinsa mita ɗaya daga bango, kuma kansa ya zarce wurin da za ka taka da kusan mita ɗaya.

Mai wayarin, Mile 12: Injiniya ya faɗi daidai, sai dai ina roƙon ka fara ɗaga kai ka duba wayoyin wuta kafin komai. A unguwannin Legas da yawa wayar tana wucewa dab da barandar bene, kuma alminiyam yana ɗaukar wuta nan take. Babbar waya mai ƙarfin 11kV, wato bolt dubu goma sha ɗaya, ba sai ƙarfe ya taɓa ta ba, kusantarta kaɗai tana iya jawo wutar ta yi tsalle. Mu masu wannan sana'a tsanin faiba muke hawa, wanda ba ya ɗaukar wuta kamar alminiyam, ya fi tsada kuma ya fi nauyi, amma shi ne na aikinmu.

Baba kafinta, Idi-Araba: Yaro, ni da sikafol na gora na yi yawancin rayuwata, kuma ba zan kushe ta ba, domin gora mai ƙwari da aka ɗaure da kyau tana riƙe mutum. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi yanzu: a kawo gorar da ta sha ruwa da rana a gini uku, ta tsattsage, ƙwari sun cinye cikinta, sannan a buga mata ƙusa, ƙusa kuwa tsaga gora take yi. Shekarun baya wani yaron aikina ya faɗo daga hawa na farko saboda falanki ɗaya tak aka shimfiɗa, ba a ɗaure shi ba, ya taka bakinsa ya ɗage. Ya yi wata huɗu a kwance da karayar ƙugu, har yau kuma ɗingishi yake yi. Ni ne na ga falankin da safe ban yi magana ba, kuma wannan abu bai bar zuciyata ba.

Injiniya, Ikeja: Allah Ya ƙara masa lafiya, Baba. Ƙanena, tunda Ajah ka ce, babbar matsalarka tana ƙasa. Yankin nan yashi ne da cike, ruwa yana kusa, kuma ƙafar sikafol da ta tsaya daram da safe tana iya nutsewa bayan ruwan dare ɗaya. Kowace ƙafa ta zauna a kan farantin ƙarfenta, farantin kuma a kan katako mai kauri da faɗi. Kada ka yarda a tokare ta da bulo, domin bulo fashewa yake yi ba tare da gargaɗi ba. A ɗaure sikafol ɗin da jikin ginin, a rufe wurin tsayuwa da falankai ba giɓi, a sa ƙarfen kariya mai tsawon kusan mita ɗaya da wani a tsakiya. Duk lokacin da aka yi ruwa da iska, a sake duba shi kafin kowa ya hau.

Mai walda, Ketu: Game da wurin samu, a Owode Onirin da ke hanyar Ikorodu akwai masu fayif da ƙarfe iri-iri, amma ka je da kanka, kada ka yi ciniki ta waya. Iskar teku tana cin ƙarfe a garin nan, shi ya sa wasu ke shafa wa fayif mai tsatsa fenti. Ƙwanƙwasa shi, ka leƙa cikinsa, ka ƙi duk wanda ya lanƙwashe ko aka yi masa faci da walda. Shawarata kuma ka nemi mai haya a kusa da Ajah, wanda yaransa za su zo su kafa su kuma kwance, saboda kuɗin mota daga nan zai cinye maka riba.

Mai fenti, Agege: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan je in duba ƙasar wurin da inda wayar wuta ta bi, sannan in saka kuɗin hayar sikafol da na bel ɗin tsaro biyu a cikin lissafin da zan kai wa maigidan. Injiniya, idan an kafa zan turo hoto nan ka duba mana kafin mu hau.