Me ya sa irin tumatir da ya tashi a inuwa ke yin tsawo, saiwarsa kuma ba ta da yawa?

Mai lambu daga Mirriya:
Assalamu alaikum. Ina neman bayanin masana. A lambunanmu, idan aka yafa irin tumatir a ƙarƙashin mangwaro don gudun zafin rana, sai ya fito dogo siriri, yana karkata wajen da rana ke leƙowa, idan kuma aka tumɓuke shi za a dasa, sai a tarar saiwarsa 'yar kaɗan ce, alhali ruwa da taki ɗaya ne da na fili. Mene ne dalili?

Malamin kimiyya daga Birni:
Wa'alaikumus salam, Malam. Karkatar da ka gani aikin wani sinadari ne da ake kira oksin, wanda kan tsiro ke yi yana turawa ƙasa. A shekarar 1880 masanin kimiyya Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna cewa idan aka rufe kan tsiron ciyawa, ba ya lanƙwasa wajen haske. Oksin yakan taru a gefen da ke inuwa, gefen ya fi ɗaya saurin miƙewa, sai karan ya sunkuya wajen rana.

Tsawon kuwa daga ganyen mangwaro yake, domin yana shanye jan hasken da ke cikin hasken rana, ya bar wani ja mai duhu wanda idonmu ba ya gani sosai. Tsiro yana da abin da yake tantance waɗannan biyun da shi, kuma da zarar mai duhun ya rinjaya, sai ya ɗauka cewa wani ya rufe shi, ya zuba ƙarfinsa a kara don ya tsere wa inuwa. Ga shi abincin da ganye ke haɗawa ya ragu, saboda haka saiwa ce ke kwana da yunwa.

Dattijo daga Zango:
Malam ya yi bayani. Ni shawarata, ɗana, ka yi rumfar zana marar kauri wadda ranar safe za ta shiga, ka riƙa janye ta kaɗan-kaɗan kafin dashe. Da damina kuwa gindin gawo ya fi, tunda a lokacin yake zubar da ganyensa.

Mai lambu daga Mirriya:
Na gode, Baba. Malam, hodar oksin da ake shafa wa reshe don ya yi saiwa za ta gyara irin?

Malamin kimiyya daga Birni:
Ban ba ka shawarar haka ba. Tana taimakon reshen da aka yanko ya fid da sabuwar saiwa, amma idan ta yi yawa tana hana saiwar da ke akwai tsawo. Irinka haske yake nema.