Abin Da Muka Tsayar A Kan Cefane Da Ragowar Abinci

Ranar Asabar bayan la'asar matan layinmu muka zauna, hira ta kai mu kan abin da muke saye da abin da muke zubarwa. Ga shawarwarin da aka fi yarda da su.

An fi daɗewa a kan wake. Wata mai ƙosai ta ce duk waken da ta ji yana warin magani ba ta saye, ko da ya fi araha, domin yaran makaranta ne ke cin ƙosanta. Masu ajiya kuma aka ce su daina zuba Sniper, maganin ƙwari ne, ba na abinci ba. Buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska. Ni wannan magana ta taɓa ni, don rayukan 'ya'yan mutane ne.

Ayaba da mangwaron da aka nunar da sinadarin kabaid, hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kansu. A kula da wanda ya yi rawaya tas amma cikinsa ɗanye.

Sai ragowa. Baba Hajiya ta ce tuwon jiya ɗumame ne, kada ya tafi bola. Idan an yi biki, a raba wa maƙwabta da almajirai tun abincin yana da zafi, kafin ya lalace.

Masu sayar da gari kuma aka tunatar da su Suratul Muɗaffifina: a cika mudu. Mai saye ma ya rage matsa wa tsohuwa mai tallan kuka a ciniki.