Fendin: kuɗin da suka fita ba su shiga ba, wane suna za mu ba su?

Jama'a, kalma ɗaya ce ta hana ni sakat tun makon jiya, ina neman ku sa mini baki. Fendin. Abin da waya ke nunawa in ka tura kuɗi suka bar asusunka amma ba su isa hannun mai su ba.

Ranar Alhamis na raka kawuna kasuwar Maigatari ya sayar da bijiminsa. Aka yi ciniki, aka sallama, mai saye ya ce taransifa zai yi. Ya tura, alat ɗin cirewa ya zo masa, ya nuna mana. Wayar kawu shiru. Tun bayan azahar muke tsaye a kara har aka kira la'asar. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, gaya mini gaskiya, kuɗin suna wurinsa ko suna wurina?" Mai saye ya ce, "Baba, wallahi sun fita, ga shi an rubuta fendin." Kawu ya ce, "Ni ban san fendin ba, Alhaji. Sun shiga ko ba su shiga ba?"

Na buɗe baki in yi masa bayani, na rasa Hausar. "Sun fita" muna da ita. "Sun shiga" muna da ita, kowace tsohuwa a ƙauyenmu ta iya ta tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ɓatan dabo har mai ƙosai ta koma karɓar taransifa. Abin da ke tsakanin fita da shiga shi ne ba shi da suna, kuma a nan ake yin faɗa.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa. In bankinka daban ne da na wanda ka tura wa, kuɗin ba sa tsallakawa kai tsaye. Akwai NIBSS a tsakani, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da sauran bankuna suka mallaka tare, shi ke tafiyar da tsarin turawa nan take tun 2011. Bankinka ya tabbatar da sunan mai asusu, ya cire kuɗin, ya aika saƙo ta NIBSS, bankin can ya karɓa ya mayar da amsa. In amsar ta yi jinkiri, ko na'urar ɗaya daga cikinsu ta cushe, shi ke nan: an cire a nan, ba a zuba a can ba. Kuɗin ba su ɓata ba. Ko dai su ƙarasa, ko su juyo gida.

To, da me za mu kira wannan hali?

Mai POS ɗin bakin tasharmu ya ce ai "sun maƙale" kowa ke cewa, a bar ta haka. Gaskiya ita ce ta fi yawo a baki. Damuwata da ita, tana tayar da hankali fiye da kima. Abin da ya maƙale sai an sa hannu an zaro shi, kamar ƙaya a maƙogwaro, alhali sau da yawa fendin da kansa yake warwarewa. Ka ce wa dattijo kuɗin bijiminsa sun maƙale, ka raba shi da barci. Ni zan ajiye "maƙalewa" ga kuɗin da suka kwana suka wuni, ba su je ba, ba su dawo ba.

Wani ya ce "suna hanya". Ma'anar ta yi daidai, amma masu cin bashi sun riga sun lalata ta. A kasuwa in ka ce kuɗi suna hanya, abin da mai kaya zai ji shi ne babu su.

Wani malamin Hausa da nake girmamawa ya kawo "a rataye". Na so ta ƙwarai, don tana nuna abin da bai taɓa sama ba bai taɓa ƙasa ba. Sai dai abin da aka rataye a ɗaka yake, mai shi ne ya rataye shi, yana iya sauke shi duk sa'ad da ya ga dama. Da na ce wa kawu kuɗinsa suna rataye, da ya ce wa mai saye ya sauko da su, mutumin kuwa ba shi da iko a kansu.

Tawa shawarar ita ce zango. Kuɗin sun ya da zango, ko a taƙaice, suna zango.

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan hali sarai. Ayari ya bar gida, bai kai inda za shi ba, ya sauka a wani wuri da ba na mai aikawa ba, ba na mai jira ba. Wanda ke zango bai ɓata ba. Da safe zai iya ci gaba, in hanya ta ƙi kuma ya juyo. Kuma ba wanda yake lissafa kayan da ke zango a cikin abin da ya shigo rumbunsa. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi mini muhimmanci, don a zamanin alat na bogi kalmar da kanta tana gaya wa mai kaya kada ya saki igiya tukuna, ba tare da ta kira mai saye maƙaryaci ba.

In mun karɓi zango, sauran sai su biyo ta. In kuɗin suka dawo wa mai turawa, a ce sun juyo. Doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit, wadda aka rubuta wa Session ID, mu ce mata lambar sawu, tunda da ita banki ke bin sawun kuɗin. Duk wanda kuɗinsa ke zango, ya fara adana ta kafin komai, kuma kada ya sake turawa karo na biyu. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 ta ce kuɗin da turawarsu ta faskara a mayar da su cikin awa 24, in ba haka ba akwai tarar naira 10,000 a kan banki. Ka kai ƙorafi bankinka da lambar sawu. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki yana karɓar ƙara.

Wata 'yar'uwa ta tambaya, to wane asusun ajiya na waya ya kamata mutumin ƙauye ya buɗe don ya rage zama a zango? Ba zan kama suna ba. Turawa tsakanin asusu biyu na banki ɗaya ba ta bi ta NIBSS, don haka duba inda yawancin abokan cinikinka suke. Sannan ka tabbata yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe: tun 2024 tana biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a bankin maikurofainas, kuma an ga amfaninta da aka soke lasin Heritage Bank a watan Yunin shekarar. Wani abu kuma da ke ci mini rai: ƙarin da wasu manhajoji ke zuba wa ajiya, masu tallarsu suna kiransa "riba". A Hausa riba ta ciniki ce. Wannan sunansa kuɗin ruwa, a faɗa wa mutum haka ya zaɓa da idonsa a buɗe, tunda ga bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJBank ga wanda ba ya so.

Na kawu dai a hannun dillali bijimin ya kwana, kuɗin suka shiga da hantsin Juma'a. Da na gwada masa kalmar daga baya, ya yi shiru kaɗan ya ce, "Da haka ka ce mini a kara, da na zauna na ci abinci."

Mutanen Haɗeja, Kazaure, Wudil da Ɗambatta, in akwai wata da kuke faɗa a kasuwanninku wadda ta fi zango zama a baki, ku kawo ta kafin Alhamis. Ranar zan koma Maigatari, kuma na yi alkawari da masu POS uku za mu fara gwada ta a kan masu jira.