Wace kalmar Hausa ce ta dace da "name resolution"?

'Yan'uwa masu aikin sadarwar kwamfuta, ina cikin rubuta bayani kan yadda ake gwada na'urar sadarwa daga nesa ta hanyar API, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta ba wata umarni, sai na cije a kan abin da ake kira "name resolution" da Turanci.

Na'ura ba ta aiki da suna, lamba ta sani. Idan aka ba ta suna irin example.com, sai ta aika tambaya ga sabar DNS, wato kwamfutar da ke haɗa sunaye da lambobinsu, galibi ta tashar sadarwa mai lamba 53, sabar ta duba abin da ta adana ko ta tambayi wasu sabobin, sannan ta dawo mata da adireshin IP, wato lambar da ake isa ga kwamfutar mai sunan da ita. Paul Mockapetris ne ya tsara wannan a 1983, bayan da fayil guda mai suna HOSTS.TXT ya gaza riƙe sunayen kwamfutocin da ke ta ƙaruwa.

"Warware suna" bai kwanta mini ba, domin abin da ya sarƙe ake warwarewa, kamar zare ko rikici, suna kuwa bai sarƙe ba. "Fassara suna" ya fi kusa, sai dai fassara ma'ana take bi, alhali lambar ba ma'anar sunan ba ce, tunda gobe ana iya sauya ta suna yana nan yadda yake.

Shawarata ita ce "nemo adireshi", kuma wasalin ƙarshe na "nemo" shi ne hujjata, domin yana ɗauke da tafiya da dawowa da abin da aka je nema. A wajen gwaji ne amfaninsa ya fi fitowa. Kwamfutar da ke gabana tana iya samun amsa nan take, ita kuwa na'urar da ke nesa wata saba dabam take tambaya, ko kuma katangar tsaro ta tare mata hanya, saboda haka dole ita za a aika da kanta. Sai mu rubuta: "An umarci na'urar ta API ta nemo adireshin sunan." Idan amsar NXDOMAIN ce, mu ce ta nema an ce babu wannan suna, idan wa'adi ya cika shiru, mu ce ta nema ba a amsa mata ba. Waɗannan matsaloli biyu ne, kowace da gyaranta, kuma kalmar ta bambanta su ba tare da wahala ba.

Inda nake buƙatar ra'ayin malaman harshe shi ne kan maɓallin gwajin: "nemowa" kaɗai za a rubuta, ko "gwajin nemo adireshi" gaba ɗaya?