Masu jiran shari'a sun ƙi sakin baki, babi na huɗu na bincikena ya tsaya

Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a nan Zariya, bincikena kan masu jiran shari'a ne: ko dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ta sa wa'adin kwana 14 ga umarnin tsarewa na farko, ta rage daɗewarsu a tsare.

Na samu izinin shiga wani gidan gyaran hali, amma a bakin ƙofa ake karɓe waya da rakoda, biro da takarda kawai ake bari a shiga da su. Ganduroba kuma yana zaune kusa da mu. Duk wanda na tambaya sai ya kalli gandurobar, ya sunkuyar da kai, ya ce "lafiya lau, alhamdulillahi". Mutum goma sha ɗaya, amsa ɗaya! Ban ga laifinsu ba, ni zan fita, su za su kwana a can.

Na fassara takardar tambayoyin zuwa Hausa, amma yawancinsu ajami suke karantawa. Na roƙi ganduroba ya ɗan matsa mana, aka ce doka ce. Ta hannun wani lauya na nemi waɗanda aka sallama, uku kacal suka yarda.

Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, ta wace hanya kuka samu tsofaffin fursunoni suka amince aka yi hira da su? Na gode.